Ranar da Arzika Ya Ɓace daga Kwamfutocin Makaranta

Salamu alaikum, masu bin labarin nan nawa a waya, da waɗanda yatsa ya zame musu suka faɗo yau. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah daga Bodinga ta rubuto cewa ba ta taɓa karanta labarin soyayya da jaruminsa ke shan maganin hawan jini ba. Na gode, Hajiya. Ni ma ban taɓa zaton zan rubuta shi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Arzika. Shekaruna sun wuce arba'in da tazarar da ba na so a auna. Ina koyar da Labarin Ƙasa a wata makarantar kuɗi nan Tambuwal, amma da yake na taɓa yin ɗan kwas na kwamfuta a Sakkwato, duk abin da ke da wutsiyar lantarki ni ake kira, har fanka da butar shayin ofishin shugaba. Matata ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, 'yarmu tilo kuma tana ɗakin mijinta. Tun daga nan nake cin tuwon yayata, Adda Kulu, wadda katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Tuwon yana zuwa a kan kari, da miya, da man shanu, da huɗuba.

Ranar Talata da yamma ba ta aiko da kwanon ba, da kanta ta kawo. Tun da na hango ta da atamfarta ta zuwa unguwa, ta kafa ɗauri, carbi na lilo a wuyan hannu, na san yau huɗubar ta fi tuwon yawa. Ta dire kwanon a kan tabarma, ta bi ɗakina da kallo, ta ga rigunan da na rataye a jikin ƙofa, da kofin shayin jiya da ƙudaje ke taro a kai.

"Arzika, ni na gaji."

"Sannu, Adda. Ƙafar ce?"

"Kai ne." Ta zauna a bakin gado. "Ran Juma'a in an sauko masallaci Jabo za ni. Akwai wata bazawara can, Tambaya sunanta, ta fita takaba tun bara. Macce ce mai hannu, ta iya fura, ta iya shiru. Zan yi ma uwayenta magana."

"Adda, ai na ce miki akwai wadda nika jira."

"Ita ta san kana jiran nata, ko kai kaɗai ka sani?"

Ta sani mana. Wadda nake jira ita ce Malama Lauratu, mai kula da jarrabawa a makarantarmu, 'yar Kebbe, bazawara, tana zaune nan Tambuwal wurin gwaggonta. Na yi mata magana wata rana da takarda ta maƙale a firinta, muna tsaye mu biyu muna leƙen cikinta. Na ce ina so in turo manya. Ta zaro takardar a hankali, ta shimfiɗa ta a tebur ta goge da tafin hannu, ta ce za ta yi shawara. Lokacin gero bai kai gwiwa ba. Yanzu ya fara fitar da kai, shawara ba ta ƙare ba.

Ku kuma ku san Adda Kulu. In ta shiga gidan mutane ta yi magana da sunan zuriyarmu, magana ta zauna, babu mai tashinta sai wanda ya shirya ƙaura daga gari. Ke nan in Juma'a ta zo ban riƙe amsar Lauratu a hannu ba, na zama angon Jabo, da fura, da shiru.

Shi ya sa ranar Laraba na tashi da niyya. Na fito da shaddata ruwan ƙasa wadda ba ta ganin rana sai Sallah, na kafa hula, na fesa turare har sai da akuyar Adda ta yi atishawa. Na ce yau ko firinta ba ta lalace ba zan tsaya a gabanta in sake tambaya.

Na iske ƙofar ofishin jarrabawa da kwaɗo. Ina tsaye ina kallon kwaɗon kamar zai ba ni haƙuri, sai waya ta yi ƙara. Saƙon Lauratu ne.

"Salam. Ƙanwata ta haihu, yau suna, na tafi Kebbe tun da safe. An bar na'ura a kunne saboda malamai. Makulli na wurina."

Na karanta, na sake karantawa ko akwai wani abu a ɓoye tsakanin layukan. Babu. Shaddar Sallah ta fito a banza.

Bari in yi muku bayanin na'urar nan, don a kanta komai ya faru. Muna da 'yan kwamfutoci a ɗakin malamai, kowace da kebul ɗinta da ke tafiya zuwa wani ɗan akwati mai fitilu a saman kabad. Babbar kuma tana ofishin jarrabawa, a teburin Lauratu, ita ke riƙe da foldar da muke kira Sakamako. Kowane malami in ya gama maki, sai ya zauna a ɗakin malamai ya danna ɗan hoton folda a allonsa, ta buɗe masa abin da ke cikin babbar, ya shigar da makin ajinsa. Ni na haɗa su da hannuna. Ranar da nake haɗawa babbar ta nemi in raɗa mata suna. Na duba, ba ni da titi, ba ni da asibiti, ba ni da ko rijiya mai sunana a ƙasar Sakkwato. Na rubuta ARZIKA da manyan baƙaƙe.

Tun daga ranar na shiga uku a bakin malamai. "Arzika na da nauyi yau." "A kashe Arzika a sake kunnawa." "Arzika ya yi zafi, a sa mashi fanka." Ina zaune ina shan shayina ake faɗa.

To ina shiga ɗakin malamai ranar, sai Malam Ɗangiwa, malamin lissafi kuma abokin tsokanata tun muna firamare, ya juyo daga gaban allo.

"Arzika, Arzika ya ɓata."

"Ga ni tsaye."

"Ba kai ba, mai amfanin."

Na matsa na danna foldar. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta fito da saƙo cewa ba ta ga hanyar ba. Na gwada ta kusa da ita, haka. Na gwada ta lungu wadda ba mai zama a gabanta saboda kujerarta na cizo, ita ma haka. Ga shi ƙarshen zango ne, ana so a buga katin sakamako kafin mako ya ƙare, malamai sun cika ɗaki kowa da tarin takardun maki a cinya. Alhaji Attahiru, mai makarantar, yana Sakkwato wurin taro, kuma makullin ofishin na biyu yana aljihunsa. Na kira shi, ya ce kada a kuskura a ɓalle ƙofar da takardun jarrabawa ke ciki, in yi dabara, ai ni ne injiniya.

Injiniya ya fara da abin da ya fi sani. Bara ɓera ne ya ci mana kebul, don haka na durƙusa na shiga ƙarƙashin tebura da shaddar Sallah, ina bin waya da yatsa kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Lafiyarta lau. Na hau kujera na duba ɗan akwatin, fitilunsa duk kore, har da ta kebul ɗin da ya ratsa bango zuwa ofishin jarrabawa. Na kashe shi na kunna. Na kashe kwamfutocin na kunna. Wannan shi ne rabin ilimin da na biya kuɗin kwas a kansa, kuma yawanci yana aiki. Ranar bai yi ba.

Na zagaya baya na leƙa ta tagar ofishin. Ga babbar nan a kunne, fitilarta na ƙyaftawa cikin kwanciyar hankali. Ga ƙyallen da Lauratu ke rufe ta da shi a ninke a gefe, ga kofinta a kife, ga 'yar dardumar sallarta a kan kujera. Na daɗe a tagar fiye da yadda aikin ya buƙata, har mai gadi ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Na dawo na shiga cikin saituna. Na duba ko kwamfutocin sun ɗauki layinmu a matsayin na kasuwa maimakon na gida, don in sun yi haka sukan rufe ido su ƙi ganin juna. Ba haka ba ne. Na duba katangar tsaro ko ita ta tare hanya, na sauke ta na ɗan lokaci, ba abin da ya canza, na mayar. Na ce ko lambar sirri ce ta tsufa, amma ai ko tambayarta ba a yi ba. Wanda bai ga gida ba, ba ya kai ga zancen makulli.

"Ko a kira yaron nan na bakin tasha?" in ji Ɗangiwa. "Mai sa waƙoƙi a waya."

"Ko a kira shi ya koyar da lissafi, mu ga ko yara za su ci."

Sai na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na yi abin da masu sana'ar ke kira ping, wato ka yi sallama da sunan kwamfuta ka ji ko za ta amsa. Na yi sallama da ARZIKA. Aka ce ba a san mai wannan suna ba. Jama'a, na sha jin maganganu a rayuwa, amma ban taɓa jin na'urar da na haɗa da hannuna ta ce ba ta san ni ba.

Na shiga shafin rawuta, wato ɗan akwatin nan mai fitilu, inda ake ganin jerin duk na'urorin da ke kan layi. Na san su kamar yadda Adda ta san awakinta. Ga na malamai, ga ta shugaba, ga firinta. Babu ARZIKA. Amma ga wata baƙuwa a tsakiyarsu, wai ita OFIS.

"Wace ce wagga?" in ji Ɗangiwa, ya sa tabarau.

"Ɓarawo ne," na ce. "Wani ya hau layinmu."

Nan take ɗaki ya ɗauka. Wata malama ta ce ita dama ta ga 'yan aji shida suna raɓe-raɓe bayan ɗakin gwaji da waya. Wani ya ce a tara su a rana. Ni kuma na miƙe tsaye na yi ɗan jawabi a kan tarbiyyar yaran zamani, jawabi mai kyau, har da karin magana. Na zauna zan toshe baƙuwar, sai idona ya faɗa kan lambarta.

Kowace na'ura a layi tana da lamba ban da suna, kamar lambar gida. Sauran nakan bar su su karɓi duk wadda ta samu, amma babbar ni na yanka mata lamba tata ta dindindin, na kuma haddace ta. Ita ce a gaban OFIS.

Na koma kwamfutar Ɗangiwa, a wurin da ake rubuta hanya na goge suna na sa lambar. Na danna. Sai ga Sakamako ta buɗe, fayil-fayil a jere, aji ɗaya har aji shida, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Malamai suka hau murna, ana ta sannu injiniya. Ni kuwa idona na kan allo. Ba ɓarawo, ba ɓera. Babbar tana nan inda take, suna kawai aka canza mata, su kuma sauran suna ta neman ta da tsohon suna. Kuma ba mai iya canza sunan nan sai wanda ya san lambar sirrin babbar. Mu biyu ne a duniya. Ni, da Lauratu.

Ɗangiwa ma ya gane. Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi irin na abokin da ya samu abin faɗa har ƙarshen shekara.

"An tuɓe ka, Malam. Ba ko takardar sallama."

Na yi dariya tare da su, don namiji ne ni. Na gyara musu kwamfuta biyu su riƙa shiga da lamba suna karɓa-karɓa, na fita na zauna a gindin dogonyaro bayan ofis. Na ce wa kaina, Arzika, ka nemi amsa, ga amsa. Mace mai kunya ce, ba za ta iya kallon furfurarka ta ce a'a ba. Ta bari sai jajibirin tafiyarta, ta zauna ta goge sunanka daga teburinta baƙi bayan baƙi, ta sa kwaɗo ta tafi garinsu.

Na zaro waya. Na san datar wayarta ba ta cika kamawa a Kebbe ba, don haka saƙon tes na rubuta, wanda in ya tafi ya tafi. Na rubuta mai tsawo na goge, na rubuta mai zafi na goge. Daga ƙarshe na tsaya a kan wannan:

"Malama, na ga amsarki a jikin na'ura. Ba sai kin wahalar da bakinki ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ku yarda da ni, a lokacin har sha'awar kaina na ji. Na ga ga dattaku, ga taƙaitawa. Na tura.

Bayan azahar na wuce gidan Adda kai tsaye. Na same ta a inuwar rumfa tana tsinkar zogale a faranti, rediyo na magana shi kaɗai a gefe.

"Adda, ki tafi Jabo."

Ba ta ɗago ba. "Ta ce ba ta so?"

"Ta fi faɗa. Ta goge sunana."

"Daga ina?"

Na zauna a kan turmi na yi mata bayani yadda za ta gane. Na ce akwai babbar na'ura mai sunana a teburin Lauratu, kamar rumbu ce da kowa ke ɗiba, kuma sai an kira sunan ake samun hanya. Jiya ta cire Arzika ta sa Ofis.

Hannun Adda ya tsaya a kan zogalen.

"Ita na'urar, sunanka aka kiran ta da shi?"

"Shi."

"Ita Lauratun takan faɗe shi?"

"Kullum. Aikinta ne. In malami ya rikice ita ke cewa ku shiga Arzika ku buɗe Sakamako. Wani lokaci daga bakin ƙofarta take ɗaga murya."

"Gaban mutane."

"Gaban kowa. Har ɗalibai."

"To kai, yaushe rabon da ka ji ta kira ka da sunanka?"

Na zaro waya na hau jan saƙonninta baya. Na farkon shekara: "Malam Arzika, firinta ta ƙi ja." "Malam Arzika, an ɗauke wuta, a kunna inji." Na gangaro zuwa bayan ranar da na yi mata magana: "Malam, tawada ta ƙare." Na gangaro zuwa na kwanan nan: "A zo a duba firinta." "An gode." Ko Malam ɗin ma ya faɗi a hanya. Sai kuma na tuna taron malamai na makon jiya, da ta miƙe za ta yi bayanin shigar da maki. Ta ce, "Sai ku shiga..." ta tsaya, ta yi ɗan tari, ta ce, "babbar na'ura." Ni da hankalina har ruwa na miƙa mata.

Na karanta wa Adda duka. Ta ajiye farantin a ƙasa don kada ya zube, ta fara dariya. Irin dariyar nan marar sauti, kafaɗa kawai ke rawa, har ta kai ga share ido da bakin zane.

"Arzika, wai kai da karatun nan naka dut, mi aka koya muku? Shekarun da niy yi da mijina har Allah ya ɗauke shi, ka taɓa jin sunanshi a bakina? Ɗan maƙwabtanmu da anka sa ma sunanshi, har ya yi gemu Mai Sunan Malam nika ce mashi."

"Wannan ai ku ne, mutanen da. Ita fa tana da digiri."

"Digirin ya hana ta zama ɗiyar Kebbe?" Ta ɗauki reshen zogale ta nuna ni da shi. "Macce ba ta ɓoye sunan wanda ta ƙi. Wanda anka ƙi, da sunanshi na yanka aka kiran shi, a tsakiyar kasuwa, har da na ubanshi. Baiwar Allah ta riga ta ɗauke ka miji a ranta, kai kuma ka aje ta gaban wani akwati tana kiran sunanka safe da yamma gaban ƙattai. In ba ta canza shi ba, ta yi yaya?"

Wallahi sai na ji turmin da nake kai ya yi laushi. Na fara murmushi, murmushin ya yi faɗi, ya kai kunne. A nan ya tsaya, don na tuna.

"Adda, na tura mata saƙo."

"Na mi?"

Na karanta mata. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da take yi wa akuyar da ta ci sabulu.

"Tashi."

"Ina?"

"Kebbe. Ko kana jira waya ta gyara abin da waya ta ɓata?" Ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa da sabulai a leda. "Ba a zuwa gidan suna hannu rabbana. Kuma ka ji da kyau, Juma'ata na nan. In ka dawo ba magana, Jabo za ni."

Na ɗaure ledar a bayan babur na kama hanya. An yi ruwa kwana biyun nan, gero da dawa sun yi shar dama da hagu, hanya kuma duk inda ta ga dama ta tara tabki. Na farko na kauce masa, na biyu na kauce masa, na uku ya ce ba ka isa ba. Shaddar da ta tsira daga ƙarƙashin tebura ta zo ta ƙare a nan. Na tsaya a wata inuwa na kira wayar Lauratu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce shi ke nan, ta karanta. Sauran hanyar na yi ta ne ina haɗa ban-haƙuri, in haɗa iska ta kwashe.

Ana sallame la'asar na shiga Kebbe. Gidan bai yi wuyar samu ba, ga tabarmi a ƙofa ba a naɗe ba, ga ƙamshin suya, ga mata na shiga da fita da kwanuka. Maza sun watse, sai wani zaure a buɗe da takalma 'yan kaɗan a bakinsa. Na roƙi wata dattijuwa da za ta shiga ta ce da Malama Lauratu ana sallama daga Tambuwal.

Ta fito. Leshi ne a jikinta ruwan hoda, da mayafi fari ƙal, hannu ya sha jan lalle har wuyan hannu. Ni a makaranta kullum cikin dogon hijabi nake ganinta da biro a hannu, sai na rasa inda zan ajiye idona, na ajiye shi a kan ledar. Ta tsaya daga gefen ƙofa ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa. An sha hanya."

"Barka na zo yi. Ga wannan, in ji Adda."

Ta karɓa da hannu biyu, ta dubi ƙafafuna. "Daga Tambuwal, da taɓo har gwiwa, barka."

"To, da kuma zancen na'ura. Malamai sun kasa shiga tun safe."

Ta sa hannu ta rufe baki. "Subhanallahi. Don abin da na taɓa jiya? Ni na ɗauka suna ne kawai, kamar wanda ake liƙawa a ƙofa."

"Sunan shi ne hanyar. Da kika cire shi, duk suka ɓata."

"To wa ya ce mutum ya sa ma na'ura sunanshi?" Muryarta ta yi ƙasa. "Kullum sai an sa ni faɗa, su Malam Ɗangiwa na ƙumshe dariya."

"Da ai kina faɗa."

"Da ne."

Ta faɗe shi tana kallon lallen hannunta. Na ji zuciyata na bugu irin wanda likita ya hana. Amma na riga na yi wa kaina fassara sau ɗaya yau na sha ƙasa, ban yarda in sake ba. Na gyara murya na yi magana kamar injiniya.

"Ba komai. In kin dawo sai a mayar da sunan yadda yake, aikin ɗan lokaci ne."

"Ba za a mayar ba."

"Malamai fa?"

"A bi kwamfutocinsu ɗaya bayan ɗaya a nuna musu sabuwar hanya. Ai akwai mai gyara." Ta ɗan ɗago ido ta mayar. "Ni dai bakina ya gama da wancan sunan."

Jama'a, ni Arzika, mai furfura a gemu da taɓo a wando, na tsaya a ƙofar gidan mutane ina murmushi kamar wanda aka ba kujerar Makka. Har na fara lissafin yadda zan shiga gidan Adda in ce ta ajiye atamfar zuwa Jabo. Sai wani abu ya taɓa ni. Matar nan ba ta yi kama da wadda ta karanta saƙona ba.

"Malama, wayarki fa? Na kira ba a ɗauka ba."

"Tana wurin Baffa Na'iya tun hantsi, ƙanen mahaifina. Tashi ba kati, da tawa shika kiran dangi." Ta gyara mayafi. "Dama don shi na zo, ba don sunan kaɗai ba. Magana irin wagga daga bakinshi ya kamata ta fito. Da safe na gama yi mashi bayani. Na ce mutum ne mai natsuwa, ba ya yanke hukunci da garaje."

Daga cikin zauren nan aka yi gyaran murya, irin ta malamin da ya saba a yi shiru in ya yi ta.

"Lauratu."

"Na'am, Baffa."

"Tun ɗazu nika son tambayarki, hidima ta hana. Wane ne wanga da ke haɗa kowa da rabonshi a cikin wayarki? In shi ne tsaye nan da babur, shi shigo shi karanta min da bakinshi, idona ba shi gani sosai."

Lauratu ta juyo ta dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Mi aka rubuta?"

Na duba hanyar Tambuwal, na duba babur, na ga ko na hau shi Jabo zai kai ni. Na sunkuya na cire takalmana, na jera su a bakin zaure kusa da na Baffa, na yi sallama.